Layi Goma Sha Huɗu

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke dafa kafaɗar juna kada su zame cikin teku,
Ximena Oyarzún ta gano ɓarakar
ƙarfe biyun dare, shayinta ya riga ya huce.
Manhajar tsara shigowar jiragen ruwa
tana haɗiye awa guda
duk ranar da ƙasar ta juya agogo.
Layi goma sha huɗu ta rubuta. Faci ya kama.
Ta tura, barci ya sace ta da takalmi ɗaya a ƙafa.

Da safe amsa ta iso daga Leipzig,
daga Torben Wiegand, mai riƙon aikin shekara tara babu ko sisi:
Madalla, kin ɗinke abin da ya gagare mu.
Sai dai akwai takarda.
Ki sa hannu, haƙƙin mallaka ya koma gidauniya.
Shugabanki a tashar ma ya sa nasa,
cewa ba a lokacin kamfani kika yi ba.

Shafi biyar.
Ta ƙirga, sun fi abin da ta rubuta tsawo sau ashirin.
Kyauta na kawo, in ji ta,
tun yaushe mai kyauta ke rantsuwa a bakin ƙofa?

Torben bai ji haushi ba, ya sha jin wannan.
Ya ce ranar da wani kamfani zai kwashe aikin,
ya kulle, ya sa masa farashi,
alƙali zai tambaya: na wane ne?
Mu ɗari uku ne. Biyu sun rasu.
Wasu adireshinsu ya mutu kafin su.
Baki ɗaya kotu ke saurara.

Ta ga gaskiyarsa, gaskiyar ta tsaya mata a wuya.
Duk da haka ta sa hannu ranar Laraba,
ta kai wa Evaristo Huenchul, shugabanta.
Ya juya takardar, ya ce sai lauya ya gani.
Lauya yana Santiago.
Lauya ya tafi hutu.
Ƙasan kofi ya yi wa shafin farko zobe.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Afrilu ya zo, aka juya agogo.
A kwamfutar Ximena kaɗai awar ta tsaya inda take.

Torben yana da jaka mai suna jiran sa hannu,
faci arba'in da ɗaya ke kwance ciki.
Na Ximena bai sake buɗewa ba,
tsoron kada idonsa ya haddace abin da ba nasu ba.
Ya zauna daren Lahadi ya rubuta nasa,
layi talatin, yana ɗingishi,
ya san nata ya fi.

Watan jiya ta ga wata ɓarakar, ƙarama, wajen lissafin kwana.
Ta gyara wa kanta.
Ta rufe kwamfutar, ta fita shanya kaya.