Ƙarfe Ba Ya Mantuwa

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
ni da ƙarfe huɗu muke hira:
ƙafafun hasumiyar tankin ruwa
da Baba Jatau mai walda ya tsayar
bayan wani asibitin haihuwa a Tudun Wada.
Ran Talata aka cika tankin har wuya,
ƙafar gabas ta ɗan rusuna.
Aka juye ruwan. Ba ta miƙe ba.

Ya zo ofis da hularsa a hannu,
tabon tartsatsi a bayan yatsu,
ya ce, "'Yar nan, ke da kika san lissafi,
za ta tsaya, ko in yanke in sake?"

Akwai lanƙwasar da ke komawa gida,
irin ta tsumagiyar da yaro ya saki.
Wannan hanyarta miƙaƙƙiya ce,
ɗan aji biyu zai gama ta kafin shayi ya huce.
Akwai kuma wadda ta haura iyaka,
ta tafi ba da niyyar dawowa ba.
Nan alli ke karyewa.
Nan amsa ba ta fitowa da sallama ɗaya.

Sai na ari wuƙar mahauta,
na daddatsa hasumiyar cikin kwamfuta,
gunduwa dubu uku da ɗari shida,
kowace maƙwabciyarta kaɗai ta sani.
Na ɗora ruwa, ba gaba ɗaya ba,
jarka-jarka, kamar ɗan ga-ruwa.
Kowace jarka in yi kirdado,
in auna saura, in gyara, in sake aunawa.
Ciniki ne irin na kasuwar Sabon Gari:
nauyi na cewa albarka, ƙarfe na ƙara tayi,
har ratar ta koma ƙwayar gero,
sannan a sallama.

Gunduwar da ta tsallake shinge
in kamo ta in mayar bakin iyaka,
in rubuta mata bashin da ta ci,
don gobe ba daga sifili za ta tashi ba.

A jarka ta tamanin da bakwai
lissafi ya ƙi zama.
Saura ya hau, ya sauka, ya hau,
kamar zazzaɓin damina.
Aka ɗauke wuta. Batir ya fara ja.
Na raba jarkar biyu, na raba huɗu,
na koma ba shi cokali-cokali
kamar mai jinya,
a zagaye na goma sha tara ya kwanta.

Za ta tsaya.
Amma sai da gicciye biyu a ƙugu,
kuma ƙafar gabas ta rusuna ke nan.

Da safe na hau keke ta Kwangila,
na tsallaka Kubanni da takarda a jaka.
Na tarar ya riga ya yanko ƙarfe biyu,
na ɗora awo: bambancinmu faɗin yatsa.
Na ce, "Baba, wa ya gaya maka?"
Ya ce, "Na dafa ta jiya, na ji inda take nishi."

Ya ajiye abin walda, ya cire gilashi,
ya tashi zai karɓi takardar.
Shekara arba'in yana duƙe kan wuta.
An sauke masa kayan,
bayansa bai miƙe ba.