Banɗakin Baba

Ran da likita ya ce Baba zai dawo gida,
ba ɗakinsa na fara dubawa ba.
Banɗaki na buɗe.

Tayil ruwan hoda, tun zamanin kamfanin kuza,
rabi ya zube, bango duk giɓi.
Famfo na ɗiga, ɗis, ɗis, yana ƙirga shekaru,
gansakuka ta kafa gari a kusurwa.
Nan santsi ya kwashe shi da asuba,
da buta a hannu,
bai ko kai ga kurkure baki ba.

Wani mai gyara ya zo da takarda da biro,
ya auna, ya taɓe baki, ya faɗi kuɗi.
Na ce masa ya gaida gida.
Dubu talatin da biyu ke cikin gwangwanina,
kuɗin adashi, na ɗinkin sallar bara.

Sai na nufi Katako.
Malam Sabitu ya jingino min wata ƙofa
da aka ciro daga tsohuwar makaranta.
Wani yaro ya kanƙara sunansa da ƙusa: Bitrus.
Na shafe ta da fenti, sunan kuwa na bari.
Shi ma yanzu ya yi furfura, in yana raye.

A Dilimi, cikin gawarwakin motoci,
na ga ƙarfen da fasinja ke riƙewa a bas.
Ya yi sumul don shafa.
Hannu dubu nawa ya tallafa
tsakanin Taminus da Bukuru,
a kwana, a gangara, a burkin gaggawa?
Na ce, wanda ya riƙe baƙi
ba zai saki ubana ba.

Fasassun tayil kuwa kyauta na kwaso
bayan wani shago a Titin Bauchi,
shuɗi, fari, ruwan ƙasa, duk masu kaushi.
Dung mai famfo ya ce ba za su haɗu ba.
Na ce, Dung, shekara ashirin ina haɗa ƙyallaye,
kai dai kwaɓa siminti.
Kwana uku muna durƙushe,
yana tsaki, ina jerawa,
sanyin Jos na cizon yatsunmu.

Ƙafafun keken ɗinkina na fari,
wanda kansa ya mutu tuntuni,
su muka kafa a jikin bango.
Sai abin da za a ɗora na wankin hannu.
Na daɗe a gaban kabad
kafin na sauko da fantekar Inna,
mai jajayen furanni, bakinta duk ƙwarzane.
Da Dung ya saita ƙusa a gindinta
kau da kai na yi.
Bugu biyu. Ruwa ya sami hanya.

Ran Laraba aka kawo shi,
yana jan ƙafar hagu, ƙanena Lurwanu na riƙe da shi.
A bakin ƙofar ya tsaya.
Ya dubi ƙasa, ya murza ta da tafin ƙafa.
Ya kama ƙarfen, ya jijjiga,
irin gwajin mutumin da ya san ramin kuza.
Sai idonsa ya sauka kan furannin.

Ya ce, Asabe, wa ya huda kwanon uwarki?
A ciki aka fara yi miki wanka.
Na yi shiru.
Ya ce, to, ai dama aikinsa ke nan.

Ya zare hannunsa daga na Lurwanu,
ya shiga,
ya ja ƙofar Bitrus da kansa.
Ta yi ƙara, mun manta mai a fata.

Muna tsaye a waje kamar masu jiran sakamako,
muka ji ruwa na zuba,
muka ji ya yi tari,
can ya ɗaga murya:
ina sabulu?

Ɗari bakwai ta rage a gwangwani.
Na saka takalmi.