Rigar Ƙarfe

A Maƙerar Assada aka yanke mini cibi,
inda zugazugi ke numfashi tun kafin assalatu.
Kakana Sahabi yakan ɗora ƙarfe mai tauri
a bakin fartanya, ya ce:
"Baki ka cin ƙasa, shi aka baiwa ƙarhi."

Yau ga ni wajen Dundaye, ɗaki mai sanyi,
koren tabarau a ido.
Titaniyam a gabana, marar nauyi, ba ya tsatsa,
amma gogayya na cin fatarsa
yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya.

Na kunna lesa.
Tsinin haske
ya narka ɗan tafki a bayan ƙarfen,
garin kabayid ya zubo ciki,
layi kusa da layi, kamar kunyoyin gero a Kware.

Gwaji na sha bakwai ya tsage.
Na sha takwas ma.
Ana tsakar na sha tara aka ɗauke wuta.

Na ashirin da uku na kai masa a aljihu.
Ya goga magagari, ya sake gogawa,
har haƙoran magagarin suka dakushe.
Ya juya shi a tafin hannu, ya shinshina.
"Ke, to ina gawayin?"