Kaki Ɗaya, Ƙofa Biyu

Kwana uku takardar na cikin aljihuna,
ta sha zufa har tawada ta fara narkewa.
Gurbi biyu ne, aka ce in cike ɗaya:
caji ofis na Aliero,
ko rundunar sintiri mai tashi daga Birnin Kebbi.

Caji ofis ɗinmu na san shi tun ina yawo ba wando.
Ɗaki uku, benci mai ƙafar bulo,
babur ɗaya da sai an tura yake tashi.
Sajan Arzika na gindin dogonyaro
yana rubuta ƙara a littafin da ɓera ya ci gefensa.
Ƙarar ma ta mece ce?
Akuyar Nomau ta shiga albasar Barmo.
An sayar da buhu, samansa lafiya, ƙasansa ruɓa.
Wani ya ranci kuɗin taki, kaka ta wuce, ya yi gum.
In na zauna nan zan ci tuwon Inna da zafinsa,
in ji kiran assalatu daga bakin ladanin da ya san muryar kukana.

To amma wa zan kama?
Barmo ƙanen babana ne.
Nomau shi ya goya ni zuwa gidan maɗori
ran da na faɗo daga amalanke, hannu ya karye.
Ankwa ba ta san dangi ba, ni kuwa na san su.
Duk ran da na kulle ɗan unguwa,
kafin la'asar dattawa sun cika zaurenmu,
kuma ba mai ce mini kurtu,
kowa ɗan Ige zai kira ni.

Ita rundunar sintiri ba ruwanta da ɗan wa ne kai.
Mota ce buɗaɗɗiya, mutum takwas a baya,
yau Jega, gobe Koko,
jibi wani daji can wajen Zuru da ban san sunansa ba.
Akwai alawus, in ya fito.
Akwai igiya a hannun riga, ga mai nisan kwana.
Tunau ya tafi bara, ya zo hutu da igiya da sabuwar waya.
Cindo ma bara ya tafi.
Takalmansa aka kawo wa matarsa cikin leda.

Na tambayi Sajan Arzika.
Ya daɗe yana ɓare goro kafin ya ce:
"Can harsashi ake tsoro, nan gaisuwa.
Shekara ashirin da biyu ba wanda ya auna ni da bindiga,
amma ban iya ƙirga takardun da na yaga
don mai laifin ya zo jana'izar mahaifiyata."

Na tambayi Inna.
Ta ci gaba da yanka albasa,
ta ce wannan ta bana akwai yaji a ido.

Da dare na bi ta rumfunan albasa,
warinsu na biye da ni har bakin titi.
Motar sintiri ta wuce, fitila na juyawa,
na ji ƙafata ta ɗaga da kanta.
Sai tsohon karayar nan ta motsa, kamar yadda take yi in sanyi ya sauka,
na tuna maɗorin:
abokin babana ne, ya ci sunana,
ina ihu ina kiran sa Baba,
bai saki hannun ba.
Ya ja, ƙashi ya koma gurbinsa.
Wata guda ban gaishe shi ba.
Da hannun nan na riƙe biro.

Na rubuta Aliero.

Litinin na kama aiki, kaki na ƙamshin guga.
Ban ko zauna ba Sajan ya miƙo littafi:
"Ga ta farko. Wani ya karya ƙafar akuya."
Na ɗaga kai.
Barmo ne a benci, yana murmushi,
ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗanmu ne."

Na ce, "Malam, faɗi cikakken sunanka."