Ƙofa ta Ashirin

Alhaji Ɗanliti ya shigo ofishina
da ƙamshin albasa a hannun rigarsa,
ya ajiye takardar fili bisa teburi
kamar mai kwantar da jariri.
Shekara talatin da ɗaya yana sauke buhu a kasuwar Mil Sha Biyu,
ga abin da guminsa ya saya:
fuloti ɗaya a Ajah, ƙasar rairayi,
wadda in ka haƙa kamu uku
ruwa zai leƙo ya gaishe ka.

Na ce, Alhaji, a nan ginin da ba a gani
ya fi wanda ake gani cin kuɗi.
Sai mun kafa turakun kankare
har su taka ƙasa mai tauri,
in ba haka ba, damina uku gidan zai durƙusa.
Ya ce, kafa.

Na zana masa bene.
Na buɗe tagogi ta inda iskar teku take zuwa,
na ɓoye gilashi daga ranar la'asar,
na zaɓi ƙarfen da gishiri ba ya ci,
sola a kan rufi, kada janareta ya hana jikoki barci,
gangara maimakon matakala
saboda gwiwar Hajiya Tasalla.

Na juya masa gidan a allon kwamfuta,
ya shiga ɗakunan da ba a gina ba,
ya fito, bai ce uffan ba.
Can ya ɗora yatsa a kan katangar gaba,
daidai inda na zagaya wayar lantarki.

Nan nake son ɗaki, in ji shi.
Tabarma biyu, famfo, buta,
ƙusa ɗaya ta rataye riga.
Ƙofarsa ta kalli titi.
Kada a sa mata kwaɗo.

Na ajiye fensir.
Alhaji, Legas ce fa.
Nan ko inuwarka ce sai ka kulle.

Ya ce, daren da tirela ta sauke ni a garin nan
ƙarfe uku ne, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
wanda aka ba ni sunansa ya tashi tun bara.
Na bi katanga bayan katanga ina shafawa,
ba wadda ta buɗe baki.
Wani mai gadi, Ajani,
shi ya matsa mini rabin kwalinsa.
Ban san inda yake ba yanzu.
Kai ne mai ilimin, ni dai ɗakin nake so.

Kwana huɗu ina kokawa da layi guda.
Na ɗauke shi a kaina na shiga gosulo,
ya raka ni bisa doguwar gada,
ina kallon masu jiragen kamun kifi
da ba su da ko ƙyaure.
A makaranta an koya mini yadda ake hana ruwa shiga,
da zafi, da ƙara, da ɓarawo.
Ba wanda ya koya mini wannan.

Daga ƙarshe na ja katanga baya taku goma,
ɗakin ya tsaya waje, rufinsa haɗe da na gida.
Na ce, amma mota ɗaya ta rasa makwanci.
Ya yi dariya, ya ce mota ba ta jin sanyi.

Jiya aka zuba kankaren sama.
Bamidele kafinta ya biyo ni da takarda:
Oga, ƙofa goma sha tara, kowacce da lambar kwaɗonta,
ta ashirin ka manta.
Na ce, ban manta ba.

Yau da sassafe na je duba aiki,
ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba.
A ɗakin gaba, wanda ko filasta bai samu ba,
na tarar da kwali a shimfiɗe,
da sawun ƙafa ɗanye a kan siminti,
ya shiga, ya fita.