Saura Maki Uku

Saƙonsu ya zo ranar Talata,
ba ambulan, ba kan sarki, cikin waya ya faɗo:
Barira Tukur, lasisinki zai mutu ƙarshen Disamba.
Saura maki uku.

Zai mutu.
A shekarar da mutuwa ta zama lissafin yamma a talabijin,
har takarda ma ta shiga layi.

Shekara goma sha huɗu ina auna tazarar
da ke tsakanin ƙwayar ido da 'yar'uwarta,
sittin da biyu, sittin da huɗu,
numfashin mutum yana dukan goshina.
Bana an ce a ja baya mita biyu.
To wace rula ce za ta kai?

Shagonmu na Rochdale rabin ƙofa yake buɗewa.
Tabarau ɗari uku a jere jikin bango
suna kallon titin da ba kowa,
idanu ne tuli, babu ƙwaya ko ɗaya.

Sai Mujahid ya gama darasinsa ya sakar min kwamfuta,
in ture kwanon miya gefe,
teburin kicin ya koma aji.
Malamin yana Cardiff, muryarsa tana tsinkewa tana ɗinkewa.
Mu arba'in ne, kowa ya kashe kyamara,
baƙaƙen akwatuna da suna a gindinsu.
An ce gani ya kori ji,
bana ji ne ya rama:
taron masu gyaran gani, ba mai ganin wani.

Wani Fairclough ya manta bai toshe bakin na'ura ba,
ya yi tari. Ya sake.
Muka yi tsit, har malamin.
Sati na gaba na nemi akwatinsa, ban gani ba.
Wataƙila makinsa ne ya cika.
Haka nake gaya wa kaina.

Tambaya shida, na ci biyar. Maki ɗaya.
Yadda ake goge firam kafin wani ya gwada. Maki ɗaya.

Sai ga Misis Holroyd ranar Jumma'a cikin yayyafi,
ta tsaya daidai kan layin da muka manna a ƙasa,
ta kwance hankici.
Firam ne ruwan ƙasa, kunne ɗaya ya sha cizo.
Na Dennis ne, in ji ta.
Ki sa min gilashina a ciki.

Na san wannan firam, ni na sayar masa.
Fuskarsa faffaɗa ce, sittin da takwas,
tata sittin cif.
Duk kwas ɗin da na taɓa zama zai ce a ba ta shawarar wani.
Na sa safar hannu.
Na yanka sabon gilashi daidai ƙwayar idonta,
na gasa kunnuwan, na lanƙwasa, na sake gasawa,
ɗan notin nan ya faɗi sau biyu,
na durƙusa ina lalube kamar mai tsintar gero.

Ta saka.
Nan take gilashin ya yi hazo.
Takunkumi ne, na ce, haka yake yi wa kowa.
Ta ce: Ashe haka yake da nauyi a hanci,
shekara tara bai taɓa faɗa min ba.

Daren talatin ga wata na kammala na ukun.
Fom ɗin ya tambaya: Me kika koya bana,
kuma yaya zai canza aikinki?
Na daɗe ina kallon farin gurbin.
Sai na rubuta musu zancen sabulu da tsumma,
da minti nawa ake jira kafin firam ya bushe.

Alama ta koma kore.
Lasisi ya tsallake, shi dai.

Na cire nawa tabaran, na hura, na goge da gefen mayafi,
abin da nake hana mutane kullum.