Lissafin Yashi

Ƙanwata Tasallah ta shigo da Dala cikin kwamfuta.
Ta yanka dutsen gurbi-gurbi kamar filin dara,
kowane gurbi da lambarsa:
nan gangara ta miƙe tsaye, nan ta kishingiɗa,
nan marmara mai taurin kai,
nan jar ƙasa, mai bin duk ruwan da ya kira ta.
Ta danna maɓalli ɗaya.
Damina ɗari ta sauka
kafin shayin Baba ya huce.

Muka ga kafaɗar dutsen tana ramewa,
tsakuwa na yada zango tun ba a je ko'ina ba,
yashi ya ɗan ƙara gaba, ya gaji,
laka kuwa, mara nauyin kaya,
sai da ta dangana da Jakara.

Baba Sallau shekara arba'in yana kwasar yashi
a kwatar bayan gida in ruwa ya ɗauke,
da mangala da jaki, daga baya da baro.
Ya matso da fuskarsa, ya daɗe.
Ya ce, "Ina katangar Ilu mai gyaran rediyo,
wadda ya ja bara,
ta juya ruwa ya koma lungun mahauta?
Ina ledar da ke shaƙe kwalbatin masallaci?
Ruwanki mai ladabi ne, yarinya.
Namu ba ya bin layi."

Ba ta yi fushi ba.
Ta ɗauki tef, ta bi shi lungu-lungu,
tana auna abin da yake nunawa da haɓa.

A ƙofar zaurenmu ya tsaya.
"Ƙirga." Taki uku muke gangarawa mu shiga gida.
"Ina ɗan kaciya, hawa biyu ake yi.
Gidan bai nutse ba.
Dutse ne ke zuwa gaishe mu, cokali-cokali,
kuma ba ya komawa."

Daren nan aka yi ruwa har asuba.
Ina kwance ina jin bango yana sallama ƙasarsa.
Kakanni sun haƙa kududdufi sun yi tubali,
ga shi ruwa na mayar wa kududdufi bashinsa
ba tare da ya kai ƙara gun mai unguwa ba.

Da safe muka tarar da su tsugune
gaban turken da ta kafa, ta yi wa zane da fenti.
Na'ura ta ce yatsa ɗaya da rabi.
Baba tun jiya ya ce biyu.
Yashin ya tsaya tsakani,
jiƙe, da murfin kwalba a bisansa.

Ta rubuta a littafinta.
Ya tofa yawu a tafi, ya ɗauki shebur,
don magini na jira a Ƙofar Ruwa,
a mayar da dutsen sama, bulo-bulo.